Ranar da Darajata Ta Faɗi a Fadar Kwando

Masu karatu, barkanku da war haka. Ku yi mini haƙuri idan rubutun yau ya zo muku a hargitse, da hannu ɗaya nake danna salular, ɗayan yana riƙe da bakin lafayata ina share hanci.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nazifa, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, nan Diffa. Asalinmu 'yan bakin Komadugu ne, wani ƙauye kusa da Bosso, noman tattasai muka gada kaka da kakanni. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Bosso karo na biyu muka taho ni da Iya da abin da kai zai iya ɗauka, muka sauka gidan yayanta, Kawu Gana. Baba ya rasu tun kafin tashin hankalin, Allah ya rufa masa asiri bai ga gonarsa ta koma jeji ba.

Abin da kowa yake fara gani a jikina tsawo ne. Ƙofar ɗakinmu sai na sunkuya. A ƙauye Giginya suke ce mini, kuma ba yabo ba ne. A Diffa ne wani mutum ya tsayar da ni ina ɗauke da jarkar ruwa, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "'Yata, ɗaga hannunki sama in gani." Na ɗauka mai taɓin hankali ne. Ashe Koci Kalli ne, mai koyar da ƙwallon kwando a filin gidan matasa. Sai da ya yi sawu uku gidanmu kafin Kawu ya yarda, da sharaɗin dogon wando da ƙaramin hijabi, kuma in kasance a gida kafin magariba.

Sunan ekip ɗinmu, wato ƙungiyar wasanmu, Taurarin Komadugu. A nan na samu ƙawa, Zulaihatu, gajera, mai sauri kamar ɓera, ita ke raba ƙwallo ni ina tsaye ƙarƙashin raga. A nan kuma na samu Sufyan.

Direba ne a wata ƙungiyar agaji, shi ke kai buhunan abinci garin Yebi. Duk ranar da ba ya hanya za ka same shi a bakin fili da farar shadda da hula zanna, yana ihu kamar shi ne koci. Da na kai masa kafaɗa da sauƙi, amma shi ne yake kawo mini kunne. Ranar farko da ya zo zance ya ce, "Ni dai na ga samu, ko tsani zan nemo." Na yi dariya har na ƙware. Kada ku ɗauka mugun mutum zan ba ku labari. Sufyan ne ya kai Iya asibiti da ciwon ƙafarta ya tashi, ya zauna a benci tun hantsi har la'asar. Ina son shi, wannan ba na ɓoye muku.

Ana saura wata guda azumi Koci ya tara mu bayan atisaye, ya ce wata babbar ekip ta Damagaram ta aiko. Kocinsu mace ce, Madam Maryamu, ta ga wasanmu a gasar yanki. Suna son yarinya ɗaya cikin ƙananan. A madadinta za su mayar mana da manyan 'yan wasa biyu, 'yan asalin Diffa da suka gama karatu a can, su haɗa da ƙwallaye da sababbin allunan kwando da raga, don namu allon ya tsage har ana hango sama ta cikinsa. Wadda aka ɗauka za ta samu makaranta da wurin kwana, kuma za ta buga gasar ƙasa a Yamai.

"Suna biyu ta ambata," in ji Koci. "Nazifa ko Zulaihatu. Tana nan tana tunani."

Zulaihatu ta matse mini hannu har na ji zafi. A hanyar gida, da yake tun da aka hana kabu-kabu a ƙafa muke takawa, ta ce, "Ke ce, wallahi ke ce. Wa zai bar giginya ya ɗauki kaba?"

Na ce, "Rufe mini baki." Amma a zuciyata har na fara shirya jaka.

To a garin nan akwai wani rukuni na WhatsApp, Fadar Kwando. Maza ne zalla, masoya wasan, rabinsu ba su taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba. Shugabansu Maina mai shayi, wanda yake da talabijin da ɗan janareta, a rumfarsa suke kallon wasannin Amurka. Ba su da aiki sai yi wa 'yan wasa farashi: wane ya kai a ba da mutum biyu a kansa, wane ko robar ruwa bai kai ba. Abbakar ɗan Kawu, sa'ana, yana ciki. Ranar ya shigo tsakar gida yana dariya, ina tsintar shinkafa, ya ajiye mini salularsa a kan tabarma.

"Saurari yadda ake cinikinki."

Na danna vokal, wato saƙon murya, na farko. Muryar Maina ce, ana jin ƙarar cokali a kofi.

"Jama'a, ku fahimci abu ɗaya. Ba a sayen yaro don abin da ya yi jiya, don abin da zai zama ake saye. Zulaihatu ta iya, babu musu, amma abin da za ta zama ta riga ta zama. Nazifa kuwa ko rabin kanta ba ta kai ba. Ana koya wa mutum harbi, ana koya masa gudu. Wa ya taɓa koya wa mutum tsawo?"

Sai wani Malam Muhsinu, malamin makaranta ne: "Maina, hannunta na hagu fa matacce ne. Kuma idan aka ba ta jifan laifi, biyu take zubar da ɗaya. A makare ta fara wasa."

Maina ya dawo: "Shi ne ma daɗin! Ba ta ɗauko mugun hali daga ko'ina ba. Ɗanyen yumɓu ce. Ni da ni ne Koci, mutum biyu da allo sun yi kaɗan, sai sun ƙara da riguna."

Wani ya ce a duba tsawon hannuwana, idan na buɗe su sun fi tsayina. Wani ya ce a duba gwiwa, dogaye gwiwa ce ke cin amanarsu. Wani ya ce manyan biyun da za a ba mu sun tsufa, Damagaram shara take son zubarwa ta kwashi zinariya. Ina ji kunya tana kama ni, daɗi yana kama ni, har na zubar da tsakuwa cikin shinkafar da na tsince.

Kawu Gana yana kishingiɗe a gindin bedi yana jin mu. Ya ce, "Yo wannan ai cinikin tattasai ne yana fure. Dillali ya zo ya tsaya bakin gona ya yi kuɗi, bai san ko kogi zai cika ya cinye ba." Iya tana tuƙa burabusko a madafa, sai ƙarar muciya kake ji.

Kwana da kwanaki ana wannan, kullum ni ce a sama. Har ƙuri'a suka yi, na cinye. Na koma ina kwana da tunanin Damagaram, ina tashi da shi. Na fara atisayen hannun hagu a bayan ɗaki da tsohuwar ƙwallo, saboda maganar Malam Muhsinu ta tsaya mini a rai.

Ranar Alhamis Sufyan ya zo zance. Na sa atamfa mai ruwan ganye, na yafa lafaya ruwan madara, na turara ta da turaren wutar Iya, na ɗiga humra. Ya kawo mini dabino daga garin Maine a leda. Na ba shi labari ina rawar jiki, yana murmushi yana kallon takalminsa.

"Shekara nawa za ki yi a can?"

"Madam ta ce uku, idan an dace."

"Uku," ya ce. Ya juya hularsa a gwiwa. "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Washegari bayan sallar Juma'a Abbakar ya shigo, wannan karon babu dariya. Ya miƙo mini salular. Sunan Sufyan na gani, shi da bai cika magana a rukunin ba.

"Salamu alaikum, 'yan fada. Ina jin ku kuna ta lissafi a kan Nazifa. To ku sa wannan a cikin lissafin: in Allah ya yarda bayan babbar Sallah magabatana za su shiga gidansu. Ku fara tanadin anko."

Masu karatu, ga inda nake son ku ji ni da kyau. Ban yi fushi ba. Na rufe fuska da tafin hannu, na ruga ɗaki, na faɗa kan katifa ina dariya ni kaɗai. A gaban maza sama da ɗari ya ambaci sunana! Ni da aka yi wa dariyar tsawo, aka ce sai dai a aurar da ni ga raƙumi. Na sa Abbakar ya turo mini vokal ɗin, na yi ta maimaita shi har batir ya mutu.

Ban saurari waɗanda suka biyo baya ba sai da safe.

Bayan barka da Allah ya sanya alheri, Maina ne ya fara. "To, jama'a, magana ta canza. Mu faɗi gaskiya. Shekaru ake saye, ita kuma shekarunta an riga an yi musu mai su."

Malam Muhsinu ya ce, "Dama na faɗa. Wadda za a koya wa hannun hagu shekara biyu, ta yi aure a wata shida, wa ya ci riba?"

"Yanzu ko mutum ɗaya ba za su bayar a kanta ba."

"Allon ma da wuya."

Wani ya yi dariya ya ce, "A bar mana ragar dai."

Waɗannan mutanen da jiya suke rantsuwa da hannuwana. Hannuwan suna nan yadda suke, ko yatsa bai ragu ba. Amma na ce wa kaina surutun rumfar shayi ne, Madam ba ta cikin fadarsu. Na manta cewa vokal ba shi da ƙafa amma ya fi mota sauri.

Ranar Litinin ina wanke mayafin Iya baƙuwar lamba ta kira. Muryar mace, a nutse, Hausar Damagaram.

"Nazifa ce? Maryamu ce, daga ekip. 'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni gaskiya. An turo mini wata magana. An sa ranar aurenki?"

Ba a sa ba. Ko tambaya ba a kawo ba. Abin da zan ce ke nan, kalma huɗu: ba a sa ba. Amma Iya tana zaune a bakin ƙofa tana tsinke zogale, Kawu yana alwala a gefe, kuma ta yaya zan buɗe baki a gabansu in yi zancen aurena da wata baƙuwa? Ban da haka, wani ɓangare na zuciyata bai so ya ƙaryata Sufyan ba. Sai na sunkuyar da kai kamar tana ganina, na yi ɗan murmushi mai sauti, na yi shiru.

Ta jira. Ina jin numfashinta.

"To," ta ce. "Na gane. Allah ya ba da zaman lafiya, 'yata. Kin yi mini kyau a fili."

Ta kashe. Na tsaya da kumfa a hannu. Ko a lokacin da na fita waje na kira ta, da an gyara. Na ce sai anjima, anjima ta zama gobe, gobe Koci ya sanar cewa Zulaihatu aka ɗauka.

Ni na raka ta tasha. Ta sa doguwar riga baƙa da mayafi ja, jakarta ɗaya da ledar ƙuli-ƙuli. Ta rungume ni tana kuka, kanta a ƙirjina. "Wurinki ne na ɗauka." Na ce, "Rabonki ne, kada ki ƙara faɗa." Da gaske nake, ba na jin haushinta ko kaɗan. Motar ta bi layin masu jiran binciken sojoji a bakin gari, na tsaya har ta ɓace, na tako gida a ƙafa.

Manyan biyun suka zo, aka kafa sababbin alluna masu sheƙi. Ɗaya daga cikinsu wurina take bugawa, ƙarƙashin raga, kuma ta fi ni iyawa, sai na koma benci. A Fadar Kwando aka daina ambatona kwata-kwata, sun samu wani yaro ɗan sha biyar daga Maine suna yi masa farashi. Wallahi zagin ya fi mini shirun nan sauƙi. Bayan azumi na fara tsallake atisaye, yau ciwon kai, gobe aikin gida. Koci ya aiko sau biyu, daga nan ya bari. Na cusa takalman wasana ƙarƙashin gado.

Zulaihatu kuwa tana turo hotuna. Fili mai rufi, riga mai lamba a baya, ɗakin kwana da fanka. Ina sa mata alamar zuciya a kowane hoto, sannan in kife salular.

Jiya da hantsi ta kira, tana haki.

"Nazifa, doguwarmu ta karye a idon sawu. Madam tana neman mai tsawo ido rufe. Na ce mata har yau ba a kawo ko goro gidanku ba. Sai ta ce, to me ya sa yarinyar ba ta faɗa mini ba?"

Zulaihatu ta ci gaba.

"Ta ce ki zo gwaji ranar Asabar. Amma ki sani, ba irin na da ba ne. Babu alkawarin makaranta, an rufe rajista. Gwaji ne kawai, ku huɗu ne, ɗaya za a ɗauka. Kina atisaye dai ko?"

Na dubi hannuwana da suka yi laushi, da lallen da na sa na Sallah. Rabona da gudu tun kafin layya. Na ce, "Ina yi."

Asabar ɗin nan kuma, masu karatu, ita ce ranar da baffannin Sufyan suka ce za su zo wurin Kawu.

Yau da la'asar Sufyan ya zo, da shadda ruwan toka, yana ƙamshi. Ban yi kwalliya ba, hijabin sallata na zura na same shi a zaure. Ban zauna ba.

"Sufyan, tambaya zan yi maka. Vokal ɗin da ka yi a fada, murna ce ta sa ka, ko lissafi?"

"Wane irin lissafi kuma?"

"Shekara nawa kana zaune a rumfar Maina? Ka fi kowa sanin abin da ke karya darajar 'yar wasa. Ka san abin da za su ce, ka san zai kai kunnen Madam."

Ya cire hularsa. Ya dubi cikinta.

"Na sani," ya ce.

Na matso kusa da shi. "Ka tambaye ni? Da ka ce, Nazifa, ba na son ki tafi, da mun yi magana. Sai ka je ka karya ni a kasuwa, ina ɗaki ina maimaita muryarka kamar wawiya."

"Ba ƙarya na yi ba. Ina son ki, kuma ga shi za su zo."

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

"Tun ranar ban ƙara shiga fada ba. Da na ji wani ya ce a bar musu raga, na so in je in fasa masa baki, sai na tuna ni na ba shi bakin." Ya ɗago ya dube ni. "Amma ba ni kaɗai ba ne, Nazifa. Ni na yi niyyar jira, ko shekara ukun ne. Ki shiga ki tambayi Iya."

Ban san lokacin da na bar zauren ba.

Iya tana ɗaki a kan darduma, carbi a hannu, ƙafarta mai ciwo a miƙe. Ta dubi fuskata sau ɗaya ta ce, "Ya faɗa miki. Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ni na kira shi. Na ce ban san harkar ƙwallonku ba, shi ya sani, ya nemo mini hanyar da za su fasa da kansu ba tare da na hana ki ba. Ya ƙi, na yi masa kuka, ya yarda."

"Iya, me ya sa ba ki ce mini..."

"In ce miki me? In ce kada ki tafi, ki zauna kina kallona da ido har in mutu?"

Akwai wanda ban taɓa ba ku labarinsa ba, don a gidanmu ba a ambatonsa. Yayana Alkali. Shekararmu ta farko a Diffa ya samu aikin yaron mota, ya bi wata babbar mota zuwa gabas. Ba a ga motar ba, ba a ga kowa ba, har yau ba mu yi zaman makoki ba don ba mu san ko na makoki ba ne.

"Da ƙafata na raka shi tasha," in ji Iya. "Ni na ce masa Allah ya tsare. Biyu na haifa, Nazifa. Mutanen nan ina jin su a salular Abbakar, wai a ba da mutum biyu da allo a ɗauke ki. Ni wa za a ba ni?"

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Na kifa kaina a cinyarta, tsawon nan nawa duk na naɗe shi a kan darduma, tana shafa mini baya.

Can ta ce, "Amma na ga abin da na yi. Tun bayan azumi nake kallonki kina yawo a gidan nan kamar wadda aka zare wa laka. Na riƙe ki, kuma ban same ki ba."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo wata leda, ta ajiye a gabana. Takalmana ne. An wanke su fes, an sa musu sabuwar igiya, irin ta kasuwa mai launi biyu.

"Zulaihatu ta kira ni kafin ta kira ki," ta ce. "Ban ce ki tafi ba, bakina ba zai iya ba. Ban kuma ce ki zauna ba. Tasha dai ba zan je ba."

Abbakar ya leƙo ta labule, ya yi ƙasa da murya. "Sufyan yana nan a zaure fa, ya ce ba zai tafi ba sai kin fito. Kuma Baba yana tambaya, goron Asabar ɗin a saya ko a dakata?"

Kafin in buɗe baki salulata ta fara ruri a kan katifa. Iya ce ta fi kusa. Ta ɗauko, ta ƙura wa allon ido duk da ba ta karatun boko, ta miƙo mini.

"Ta Damagaram ce ko?"

Na ce, "Ita ce, Iya."

Ta juya fuskarta bango, ta ci gaba da jan carbinta.